"Ai Jikin Tsufa Ne": Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Kula da Iyaye a Gida

A ƙasar Hausa tsoho a gida yake tsufa. Gidan gajiyayyu, inda ma akwai shi, na wanda ba shi da kowa ne, kuma ɗan da ya ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta can ya shirya shan bakin dangi har ya koma ga Allah. Wannan abin alfahari ne, ba na fatan ya sauya. Sai dai zama a gida daban, zama lafiya a cikin gidan daban. Tsofaffi da yawa suna kewaye da 'ya'ya da jikoki, ana kai musu abinci sau uku, ana gaishe su safe da yamma, amma suna naƙasa a gaban idon kowa saboda abubuwan da kuɗi kaɗan zai gyara, wasu ma ba sa cin ko kwabo.

Maganganu biyu ne suka fi cutar da su, kuma duka daga bakin masoya suke fitowa. Ta farko ita ce, "Ai jikin tsufa ne, sai haƙuri." Da ita ake rufe ciwon da yake da magani. Ta biyu ita ce, "Baba, zauna ka huta, yara za su yi." Da ita ake raba mutum da ƙarfin da ya rage masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da shekarar 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, kuma zuwa 2050 yawansu zai kai biliyan 2.1, takwas cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin namu. A Najeriya sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi zalla, a asibitin koyarwa na Ibadan. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Kafin amfanin waɗannan ya iso ƙauyukan Gumel ko Illela za a jima. Aikin dai yana wuyan mutanen gida.

Daga gado zuwa banɗaki

Faɗuwa ce ke mayar da dattijo mai zuwa kasuwa da ƙafarsa ya koma sai an kwantar sai an tayar, a cikin dare ɗaya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara a duniya sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ba daga kan bishiya ko katanga ba. Galibi a ɗaki ne, ko tsakar gida, ko banɗaki.

Ku bi Hajiya a tafiyar da take yi ƙarfe uku na dare. Fitsari ya tashe ta, an kuwa ɗauke wuta. Katifarta a ƙasa take, don haka sai ta dafa bango ta yunƙura sau biyu kafin ta miƙe, tana miƙewa jiri ya ɗan ɗebe ta. Ta laluba da ƙafa ta sami silifa wanda dunduniyarsa ta cinye, ƙasansa ya yi santsi. Ledar ɗakin ta naɗe a bakin ƙofa. Ga dokin ƙofa. A tsakar gida jikoki sun bar buta da kujera 'yar tsugunno, ruwan wanke-wanken dare kuma bai gama bin kwata ba. Banɗakin, gansakuka ta yi kore shar a gefen da rana ba ta kaiwa. Ta tsuguna gwiwa na ƙara, da ta gama kuma babu abin kamawa ta tashi sai ƙofar langa-langa mai lilo. Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, gobe ma za ta sake yin ta, jibi ma haka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gyara. Gado ya fi katifar ƙasa, amma mai tsayin gwiwa, yadda in ta zauna a bakinsa tafin ƙafarta zai taka ƙasa sosai. Jirin nan na tashi kuwa yana da dalili: idan mutum ya miƙe daga kwance jini yakan taru a ƙafafu, jikin matashi ya mayar da shi sama nan take, na tsoho ya ɗan yi jinkiri, musamman mai shan maganin hawan jini. Maganinsa shi ne ta zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, ta motsa ƙafafu, sannan ta miƙe. A ajiye tocila a gefen matashin kai, ko a bar ƙaramar fitilar sola a kunne a hanyar banɗaki. Takalmi ya zama mai riƙe dunduniya. Ledar da ta naɗe a yanke ta, a shafa wa dokin ƙofa farin fenti, a sa yaro ɗaya ya san cewa kwashe tarkacen tsakar gida bayan isha'i aikinsa ne.

A banɗaki, abu mafi amfani shi ne guntun bututun ƙarfe da mai walda zai kafa a bango da kyau, ɗaya kusa da masai, ɗaya a wurin wanka. Kafinta zai iya yin kujera mai huda a tsakiya a ɗora a kan masai don wanda tsugunno ya gagara. Wanka kuma a zaune, a kan kujera mai ƙwari. Idan banɗakin yana can ƙarshen gida, a ajiye fo ko bokiti mai murfi a ɗaki don dare. Wasu iyayen za su ƙi, su ce ba su kai nan ba. A lallaɓa su, kuma kada a zubar da fon a gaban baƙi.

Akwai wata ɓarna da arziki ke jawowa. Ɗa ya samu, ya ce zai gyara wa mahaifiyarsa ɗaki, sai ya sa a shimfiɗa mata tayil mai sheƙi tun daga falo har banɗaki. Kowa ya zo ya ce Allah Ya yi albarka. Ruwa kaɗan ya zuba a kai, an gama. Simintin da aka fasa ya fi shi aminci sau goma. In dai sai an sa tayil, a nemi mai kaushi.

Idan kuma an riga an faɗi, kada a yi gaggawar cicciɓar mutum. A tambaye shi inda ke ciwo. Idan ya kasa taka ƙafa, yana jin zafi a ƙugu ko matsematsi, ko aka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, to mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye. Ban raina masu ɗori ba, amma wannan karaya tana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma akasari aiki take buƙata a asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano ko wani babban asibiti. Watannin da za a kwashe a kwance ana jiran ɗori ya kama su ne ke kawo gyambon kwanciya da ciwon huhu, kuma su ne ke kisa, ba karayar ba. Haka wanda ya bugu a ka: ko ya tashi garau, a sa masa ido na makonni, don jini yakan taru a hankali a cikin ƙoƙon kan tsoho. Ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa ko raunin gefe ɗaya, duk na komawa asibiti ne a ranar.

Hutun da ba hutu ba

Tsohon da ya taɓa faɗuwa yakan tsorata, 'ya'yansa su fi shi tsorata. Daga nan sai doka: kada ya sake fita masallaci, kada ta sake shiga madafi, a kawo ruwan alwala har bakin gado. Niyyar mai kyau ce. Amma tsokar da ba a aiki da ita zubewa take, a jikin tsoho kuma da sauri. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, da aka auna sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan fa. Don haka wanda aka zaunar don kada ya faɗi, bayan wata uku ya fi kusa da faɗuwa fiye da ranar da aka zaunar da shi.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dattijo ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a rana har kwana biyar, ya kuma yi abin da zai ƙarfafa ƙafa da tsayuwa kwana uku a mako. Wannan ba ya buƙatar kayan wasanni. Tafiya masallaci sau biyar da zuwa majalisa da yamma sun biya kaso mai yawa. Tsohuwar da ke share ƙofar ɗakinta, tana watsa wa kaji tsaba, tana tsinke zogale, tana gyaran wake, a bar ta. Abin da za a karɓe mata shi ne jan ruwa a rijiya, ɗaukar kaya mai nauyi da hawa kan wani abu don ɗauko kaya. Ga kuma atisaye ɗaya mai sauƙi: a zauna a kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, a tashi ba tare da dafawa ba, a koma a hankali, sau biyar zuwa goma, safe da yamma, wani yana tsaye kusa. Wanda zai iya wannan zai iya tashi daga masai da kansa, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da hakan ke nufi ga mutuncin babba.

Sanda ma tana da ƙa'ida. Mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa, a sa mata roba a ƙasa, a kuma riƙe ta a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa, ba ɓangaren mai ciwo ba kamar yadda mutane da yawa ke yi. Alwala kuwa a zaune: ɗaga ƙafa ɗaya a tsaye a kan siminti mai ruwa ya kayar da dattawa ba adadi. Addini ya sauƙaƙa wa wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune. Idan Baba yana jin nauyin a gan shi a kujera a sahu, liman ya fi ku iya gaya masa.

Ido da kunne su ne inda "jikin tsufa ne" ya fi yin ɓarna. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, kan masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa yanar ido ce ke jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar gaba ɗaya abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Aikin cire yana gajere ne, ba a ma sa mutum barci, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da wasu asibitoci da dama. Abin gudu shi ne masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum yakan ga haske na ɗan lokaci, daga baya ido da yawa su lalace ba gyara. Hawan jinin ido shi kuma ba ya ciwo, yana cin gani daga gefe a hankali, abin da ya ci ba ya dawowa, sai awo ne ke tona shi. Kunne kuma, wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe shi. Dattijon da ya daina zama majalisa aka ce ya zama miskili, sau da yawa ba ya jin abin da ake faɗa ne, yana kuma jin kunyar cewa a maimaita.

Ledar magani

Ku roƙi Baba ya ba ku ledar magungunansa ku zazzage a kan tabarma. Abin da za ku gani zai ba ku mamaki: maganin hawan jini iri biyu daga asibitoci biyu da ba su san da juna ba, ragowar na bara, ƙullin haɗi daga kemis marar suna marar kwanan wata, wani da maƙwabci ya ce ya yi masa amfani, ga garin gargajiya a ƙulle a takarda. Ku kwashe duka, har da na gargajiyan, ku kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna ya tantance.

Haɗin ciwon jiki shi ya fi damuna. Yawanci a ciki akwai diklofenak ko ibuprofen ko Feldene, wani lokaci biyu a haɗe, a ƙara da deksametason. Gwiwa takan yi sauƙi, shi ya sa ake komawa. Amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki mai zubar da jini, yana lalata ƙoda, yana tayar da hawan jini, deksametason kuma yana tayar da suga yana rage ƙarfin ƙashi. Baƙin bayan gida kamar kwalta a wurin mai shan irin waɗannan alama ce ta jini a ciki, ba abin jira ba ne. Farasitamol a kan ƙa'ida ya fi aminci ga ciwon gaɓoɓi na yau da kullum. Magungunan barci irin su Valium, har da Piriton da ake ɗauka ba komai ba, suna sa tsoho magagi da tangaɗi, su ne kuma ke haɗuwa da duhun dare su kayar da shi.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai iya yawo da shi shekaru ba ciwon kai ba jiri, don haka "ina jin jikina garau" ba hujja ba ce. Awo ne hujja, kuma idan yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, sai a ga likita. Maganinsa ba na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a ajiye. Jinin ya sauka ne saboda ana sha, in an daina zai koma. Gidan da ke da dattijo ya kamata ya mallaki na'urar awo ta dantse da ɗan littafin rubuta sakamako, a riƙa zuwa da shi asibiti. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, wanda kaso mai yawa nasa gishiri ne, da kanwa. A ƙara daddawa da albasa da citta, a rage dunƙule, a tukunyar gidan duka. Ware wa tsoho miya lami shi kaɗai ba ya ɗorewa, zai aiki jika ya saya masa gishiri a ɓoye.

Idan baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, ko da ta wuce bayan mintuna. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kowace awa kuma tana da tsada. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, don haɗiya takan lalace, abin ya bi ta huhu. A yi addu'a, amma a cikin mota.

Mai ciwon suga a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, saboda ciwon yana kashe ji, ƙaya ko ƙusa ta shiga bai sani ba sai ta ruɓe. Kada ya yi yawo ba takalmi, kada ya miƙa ƙafa kusa da garwashi.

Abinci, zafi da sanyi

Yawancin tsofaffinmu ba yunwa ke damunsu ba, rashin abin gina jiki ne. Haƙori ya zube, nama ya gagara, sai a koma koko da safe, kunu da rana, tuwo da dare. Ciki ya cika, tsoka na narkewa. Ba sai an yanka kaza ba: alale, ƙosai, faten wake, awara, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, nono a fura, kunun gyaɗa, miyar zogale, duk suna taunuwa da sauƙi. Idan zobe ya fara zamewa ko wuyan riga ya yi yawa ba tare da dalili ba, rama ce da ke buƙatar bincike.

Ƙishirwa takan ragu da shekaru, wasu kuma da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun zuwa banɗaki. A watannin bazara, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, wannan yana kisa. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Kada a jira tsoho ya nemi ruwa, a miƙa masa, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. A fitar da shi daga ɗakin kwano da tsakar rana zuwa inuwa mai iska, a jiƙa masa mayafi. Fitsarin da ya yi ja ya ragu gargaɗi ne.

Azumi magana ce mai nauyi, don babu dattijon da ke son a ce ya sha. Malamai sun yi bayani cewa an ɗauke wa tsohon da azumi ke galabaitarwa, ya ciyar a madadinsa. Mai ciwon suga da ke allura ko shan ƙwaya ya ga likita tun a Sha'aban a daidaita masa magani. Idan karkarwa da gumi da ruɗewa suka zo, ko awo ya nuna ƙasa da 70, a ba shi ruwan sukari nan take in yana iya haɗiya, ko saura minti goma a sha ruwa.

Da hunturu kuma kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai kashe mutum cikin barci. Haka hayaƙin janareta. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo da safa.

Idan tunani ya rikice

A nan akwai abu biyu da ake haɗawa alhali ba ɗaya ba ne. Idan dattijon da ke cikin hankalinsa jiya ya wayi gari yau bai san inda yake ba, yana sambatu ko yana ta barci, wannan ba tsufa ba ne, ba kuma iska ba ce. Alama ce ta wani ciwo a jiki: cutar mafitsara, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa, suga ya hau ko ya faɗi, ko wani sabon magani. Tsoho yakan yi ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, ruɗewar ce kaɗai shaida. In an yi maganin sanadin, hankali yakan dawo.

Ɗayan shi ne ciwon mantuwa mai zuwa a hankali cikin watanni da shekaru, wanda ke damun sama da mutum miliyan 55 a duniya. Tsohuwa ta tambayi abu sau biyar, ta ɓoye kuɗi ta manta ta ce suruka ta sace, ta fita ta kasa gane hanyar gida, ta ce za ta tafi wurin mahaifiyarta da ta rasu shekara arba'in. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Abin takaici, irin waɗannan tsofaffin mata ne akan tsinta a wata unguwa da asuba suna surutai a ce mayu ne, har a kai ga duka. Gardama da ita ba ta da amfani, kuma sanar da ita rasuwar uwarta kowace rana sabon makoki ne kawai. A bi ta da lalama a sauya zance. A sa mata takarda mai suna da lambar waya a jaka ko a ɗinke a gefen mayafi, a sanar da maƙwabta da mai shago da mai unguwa, a rufe rijiya, a kawar da ashana da tukunyar gas. Ɗaurewa ko kullewa a ɗaki ita kaɗai zalunci ne, kuma yana ƙara rikita ta.

Wanda hankalinsa ke nan kuwa, a bar masa ragamar rayuwarsa. A asibiti a bar shi ya yi wa likita bayani da bakinsa kafin ɗa ya sa baki. Kuɗin fanshonsa da na gonarsa nasa ne, ko da wani ke ciro masa. A dai ja masa kunne cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo a waya, duk wanda ya nema ɓarawo ne. A ci gaba da kawo masa shawarar aure da ta rikicin gida. Dattijon da aka daina tambayarsa komai yakan daina cin abinci.

Saura wadda ba a cika tunawa da ita ba. A yawancin gidaje jinyar tsoho a kan mace ɗaya take, ko suruka, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko ƙaramar matar gidan. Ita ke wankin fitsari, ita ke tashi da dare, in jinya ta kai ga kwanciya ita ke juya shi duk bayan awa biyu don kada baya ya yi gyambo, ga nata yaran. 'Ya'yan da ke Abuja da Legas su turo kuɗi a wata, su zo da salla su ce, "Ya na ga Hajiya ta rame?" Mai jinyar da ba ta samu barci ba za ta yi kuskuren magani, za ta yi tsawa, ita ma za ta kwanta.

Don haka, ku da ke nesa, ku zauna da 'yan'uwanku ku raba aikin da suna: wane ke sayen magani, wane ke kai ta asibiti ranar da aka ba ta, wace ce za ta zo ta karɓi jinya na mako ɗaya don mai yi ta je gidansu ta huta. A cikin kuɗin da kuke turowa ku ware wa mai jinyar nata, ku damƙa mata a hannunta, ba ta hannun mijinta ba.